Kwandon da Na Ɗora wa Yaya

Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare a Bodinga. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, lissafina bai wuce na ƙwayar magani ba. Wata Asabar da hantsi na tarar da shi da wasu takardu, duk zane kamar tabarmar da aka naɗe gefe ɗaya. Na ce mene ne kuma wannan? Ya ce nazari ne a kan yadda abu ke canzawa kaɗan-kaɗan, sai rana ɗaya ya kife gaba ɗaya. Wai don irinmu marasa lissafi aka rubuta shi. Shafi biyu na karanta kaina ya ɗau zafi, na miƙa masa kayansa.

Ya ce, "To, ɗauki jaki. Kina ɗora masa albasa yana tafiya. Kika ƙara kwando ɗaya, ya durƙushe. In kin sauke kwandon nan, zai tashi?"

"Ina fa! Sai an sauke kusan duka."

"Karatun ke nan. Inda ake faɗuwa daban, inda ake tashi daban."

A lokacin mako uku ke nan da Yaya ta bar gida. Allah ya yafe mini, ba jaka nake kiranta ba, amma ita ta faɗo mini a rai.

Innarmu ta daɗe kwance a Dandin Mahe, ɓarin jikinta ya shanye. Yaya, babbar cikinmu, ita ta koma gida jinya bayan rasuwar mijinta. Mu sauran sai ziyara da baki, ni kuwa na fi kowa baki. Duk Juma'a in sauka daga mota da sabuwar doka. A rage gishiri. A daina sa sukari a kunu. Zanen shimfiɗa a wanke kullum. Ita dai sai ta ce, "To." Ban taɓa ganin ta ɗaure fuska ba, sai na ɗauka ba ta jin nauyi.

Ran nan na ga ɗan gyambo ya fara fitowa a kwankwason Inna. Da muryar nan tawa ta asibiti, gaban matar ƙanenmu, na ce, "Yaya, sai fa an riƙa juya ta duk bayan awa biyu." Ta ce to. Washegari ta yi wa Inna wanka, ta ba ta kunu, ta ɗaure tufafinta ta tafi Danchadi wurin ɗiyarta.

Na bi ta a fusace. Na same ta tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a inuwa. Na ce, "Haba Yaya, a kan juyi kawai? An bar juyin, zan nemo mai yi." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mi kike so in ce miki? Na gaji." Na dawo ina ta mita, wai don Allah ɗan wannan abu!

Dole na ɗauko Inna zuwa Bodinga. Ni mai dokar, wallahi ban taɓa cika awa biyun nan ba ko na yini ɗaya. Bayana ciwo yake, hannuna ya tsage da wanki.

Bayan maganar jakin nan na sake komawa Danchadi, wannan karon ba faɗa. Na ce wanki nawa ne, girki na matar ƙanenmu, juyi da magani mu raba, ita dai ta zo ta zauna kusa da Inna. Na ba ta haƙuri har na yi kuka. Ta dube ni, duban da ba fushi a ciki, ta ce, "To."

Damina ta wuce, an cire gero, ba ta zo ba. Ban san abin da ya rage in sauke ba. Kullum in na sa hannu zan juya Inna sai ta ce, "Wannan hannun ba nata ba ne. Yaushe za ta dawo?" Ni kuma in ce gobe, Inna.