Lambar Maigidana a Akwatin Yaya

Bakwai saura take isowa, kafin masu shara su gama goge baranda, kuma kullum sai ta taka daidai inda aka goge. Na sani, domin shekara tara ni ce mai gogewar. Ta tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta cire takalmi, ta ɗora tabarau a bakin hanci, ta kunna kwamfuta. Ba ta gaisawa da kowa sai ta buɗe jadawalin jiya ta bi shi layi-layi da yatsa a jikin allo, tana tsaki. In tsakin ya kai uku, to, wani zai sha faɗa kafin ƙarfe tara.

Wannan ita ce matar da muke kira Yaya Mai Akwati a ɗakin gwajin jini na asibitinmu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, kuma rabin mutanen da ke cin moriyar aikinta sun ɗauka kwamfuta ce ta zo da wayonta daga kanti. Abin nan yana ba ni haushi, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma daga ka nake faɗa, in na kuskure wata ko rana a yafe mini.

Bari in yi bayanin aikin yadda na gane shi. Duk kwalbar jinin da aka kawo taga sai an shigar da ita cikin jadawali a kwamfuta: sunan mai jinin, shekarunsa, lambar wayarsa, ranar da aka kawo, da lambar ma'aikacin da ya karɓa. A da kowa yana rubutawa kai tsaye a cikin gidajen jadawalin, ya sa suna a gidan shekaru, ya goge layin wani da gwiwar hannu bai ma sani ba. Yaya ce ta koya wa kanta rubuta wasu 'yan umarni a bayan jadawalin, tana kiransu makro. Ba wanda ya aike ta, ba wanda ya ce mata sannu. Yanzu maɓalli ɗaya za ka danna, sai ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo ya yi maka tambaya ɗaya. Ka ba shi amsa, ya kai ta gidanta, ya yi ta gaba. Daga nan sunan ya bi ta.

Mai gani daga nesa zai ce ai abu ne mai sauƙi. To, bai san mutane ba. Wata nas ta taɓa rubuta "tsohuwa ce sosai" a wurin shekaru. Wani ya bar wurin suna fayau ya danna ya wuce, aka wayi gari da kwalba ba mai ita. Wani yakan taɓa dogon maɓallin nan na tazara kafin ya fara suna, sai kwamfuta ta raba mutum ɗaya gida biyu, sakamakonsa na bara a can, na bana a nan. Duk wanda ya yi irin wannan, washegari zai tarar Yaya ta toshe ƙofar. Akwatin ya daina karɓar wuri fayau, ya daina karɓar surutu a wurin lamba, yana share tazarar da kansa. Kuma yana magana da bakinta sak. Ka rubuta shirme, ya dawo maka da "Shekaru na tambaya, da lamba." Ba don Allah, ba sannu.

Akwai ranar da aka nemi wata mai ciki a waya, sakamakonta ba na jira ba ne, aka tarar kwamfuta ta haɗiye sifirin farkon lambar, shi kuma mai shigarwa ya tsallake lamba ɗaya a tsakiya. Sai da direban asibiti ya yini yana tambayar gida-gida. Ranar Yaya ba ta ci abincin rana ba. Tun daga nan akwatin yake ƙirga lambobin waya ɗaya bayan ɗaya, in ba su cika ba ya dawo da kai, kuma sifiri bai sake ɓata ba. Haka ta yi da maɓallin fasawa. A da in ka fasa a tsakiya, sai rabin layi ya zauna a jadawali kamar an gama. Ta mai da shi ba ya rubuta komai sai an amsa tambayar ƙarshe.

Ni yadda na shiga harkar, ba da son raina ba ne. Duk lokacin da ta gyara akwati sai ta leƙo baranda ta ce in ajiye tsumma in zo in ɓata mata shi. Wai in ni na kasa ɓata shi, ba mai iyawa. Har yau ban yanke ba ko yabo ne ko zagi. Zan zauna da jiƙaƙƙen hannu ina danna duk abin da na ga dama, ita tana tsaye a kaina tana rubutawa a takarda. In na kayar da shi sai ta yi murna kamar an yi mata kyauta. A haka na koyi inda haruffa suke.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai karɓar kwalabe a tagar nan shekara goma sha bakwai. Su biyun kullum cikin tsiya suke. Yakan ce akwatinta ya fi surukarsa tambaya, ita kuma ta ce ai surukar ce ta yi sakaci da ta ba shi 'ya ba ta bincika ba. A shekarunsa na ƙarshe yatsunsa suka fara ƙagewa, ga akwatin yana tambayar lambar ma'aikaci a kan kowace kwalba, sau sittin ko fiye a yini. Ya yi ta ƙorafi. Sai ta gyara masa, akwatin ya riƙa fitowa da lambarsa a rubuce a ciki, sifiri huɗu ɗaya bakwai, shi dai ya danna ya wuce. Ya zo gida yana ba ni labari kamar an ƙara masa girma.

Ciwon kwana shida ya yi. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Bayan wasu watanni shugaban sashe ya kira ni ya ce tunda na iya akwatin, kuma ga yara uku, zai ɗauke ni daga shara ya zaunar da ni a taga, a gwada ni. Aka ba ni kati da sabuwar lamba. Ranar farko na shigar da suna, shekaru, waya, rana, duk lafiya. Sai tambayar ƙarshe ta fito, ga lambar maigidana zaune a ciki tana jirana. Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in goge, in sa tawa. Yatsana ya je kan maɓallin gogewa ya tsaya. Mutane na jira a layi. Na danna na wuce. Na ce gobe zan gyara.

Wata huɗu ina cewa gobe. Sau sittin a yini ina ganin lambar nan, kuma gaskiya ita ce nake ɗokin isowa aiki dominta. A gida an kwashe kayansa, an ba ƙannensa takalmansa. A akwatin nan ne kawai ba wanda ya taɓa shi.

Sai aka samu matsala. Aka ba wani mutum sakamakon da ba nasa ba, aka turo mai bincike daga sama. Daga baya an gano a ɗakin kwanciya aka manna takardar suna a kan kwalbar da ba ita ba, ba ruwan taga. Amma kafin a gano, mai binciken ya buɗe jadawali don ya ga wa ya karɓi kwalbar, ya tarar mutumin da ya rasu ne yake karɓar jini kullum tun wata huɗu, ba fashi.

Aka kira ni ofishin shugaban sashe. Mai binciken bai ɗaga murya ba. Ya ce abu biyu ne: ko wani yana fakewa da lambar mamaci, ko an zaunar da wadda ba ta iya karanta tambaya ba, kuma ko wanne ne kujerar nan ba tawa ba ce. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ni kuwa me zan ce? In ce ina gaishe da mijina ne sau sittin a yini?

Ba wanda ya kira Yaya. Ta turo ƙofa ba sallamar kirki, takalminta ma ba ta saka daidai ba, ta ajiye takarda a gaban mutumin. Umarnin makron ne ta buga, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuri ɗaya.

"Ranka ya daɗe, karanta nan," in ji ta. "Ni na sa akwatin ya riƙa ba da amsa kafin a tambaye shi. Mai shi ya rasu, ban cire ba. Wanda ya ajiye amsa a bakin mutum shi ke da laifi, ba wanda ya haɗiye ba. In takarda za ka rubuta, sunana ya fi nata sauƙin rubutawa."

Ya tambaye ta ko ta san abin da take jawo wa kanta saura 'yan watanni ta tafi. Ta ce ta sani, kuma in ya gama tana da aiki. Ta ƙara da cewa ya duba layi dubu biyar da wani abu da na shigar, in ya samu suna ɗaya ko waya ɗaya da ba daidai ba, ita da kanta za ta raka ni bakin ƙofa. Ya duba har la'asar. Bai samu ba. Aka bar mini kujera, aka ba ta takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da ɗaya. A kanta take ɗora kofin shayi yanzu.

Da aka watse na same ta a teburinta don in yi godiya. Ta ce in matsa ina tare mata haske. Na tsaya ina kallonta, sai wani abu ya faɗo mini. Matar da ke bin jadawali layi-layi kowace safiya, wadda tazara ɗaya ba ta wuce ta, ita ce za ta yi wata huɗu ba ta ga lambar mamaci ba? Na ce, "Yaya, ba mantawa kika yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranarki ta farko na zo cirewa. Na gan ki kina kallonta. Na koma na zauna."

Wallahi ban san lokacin da na fara yi mata faɗa ba. Na ce ta sani ta bar ni na kusa rasa abincin 'ya'yana, ita da take wa mutane wa'azi a kan sifiri. Ta ce ai ta gaya wa mai binciken laifinta ne, ko na ɗauka wasa take? Ta ce ita ma kullum gobe take cewa. Sannan ta ce in tafi gida, gobe in zo da katina.

Washegari tambayar ƙarshe ta fito fayau, ba komai a ciki. Yaya ta jawo kujera ta zauna a gefena wai tana duba waya. Ba zan ɓoye ba, lambar maigidana na rubuta. Akwatin ya dawo da ni. Na zaci zan ga irin maganarta ta kullum mai kama da mari. Abin da ya rubuta shi ne: "Wannan lambar ta huta. Sa taki." Na yi kukan da zan yi, wani dattijo a taga yana riƙe da kwalba yana jira. Na ɗauko katin na kwafa, lamba ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, ke ce mai taurin kan da ba a gode miki ki amsa. Ke ce kika san cewa kafin a yi wa mutum tambaya sai an san irin amsar da zai iya kawowa, da gajiyarsa, da gaggawarsa, da abin da ke cikin ransa. Sau ɗaya tak kika karya dokarki, don ni, kuma kika biya da takardarki ba ki bari na biya da kujerata ba. Har yanzu ina jin haushin ki bar ni wata huɗu. Har yanzu kuma ban san me zan yi ba da a ranar farko kika cire. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa 'ya'yanki su yi haƙuri da tsakinki yadda muka yi.

Ku kuma masu ilimin da za ku gaji teburinta, na ji kuna cewa za a kawo sabon tsari mai kyan gani. Ku kawo. Amma kafin ku saki kowane akwati, ku tashi daga kujerunku ku zo taga ku zauna kusa da wanda zai amsa shi. Ku kira mai shara ta ɓata muku shi. Kada ku ajiye wa kowa amsa a ciki sai kun san ranar da za ku cire ta, kuma in abu ya lalace, ku shiga ofis da takardarku kafin a kira ku.

Na gode, Yaya. Lambata sifiri tara shida biyu ce. Na daina duba katin.