Bahago, wanda ya tare hanya a bakin ƙorama

Duk mai bi ta unguwar Dagmanet a Agadas da sassafe ya san rumfar Baba Bahago. In ya fito masallacin asuba ba ya komawa gida. Ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya jera kayan aiki a kan buhu, ya cika tsohuwar roba da ruwan neman hujin taya, sannan ya ɗora shayi a gawayi. Kafin shayin ya tafasa 'yan garuwa sun jero da kurarsu, masu kai yara lakwal, wato makarantar boko, sun jingine kekuna. Sunansa na yanka Amadou, amma da hagu yake riƙe guduma, shi ya sa sunan ya ɓace. Ba ya da yawan magana. In ka kawo masa keke da ƙarya a bakinka, ka ce jiya-jiya ka sa mai a sarƙa, sai ya shafa da yatsa ya nuna maka, ya ci gaba da aikinsa.

Wannan mutumin ne komiten tseren keke suka kora bara. Kuma ni, uwar Ilyas, ina cikin waɗanda suka fara zaginsa. Allah ya yafe mini.

Ga wanda bai sani ba, tseren na samari ne, 'yan sha biyar zuwa sha takwas. Malaman lakwal biyu suka fara shi shekara ashirin da suka wuce, da yara goma sha ɗaya a kan kekunan aike. Kwana uku ake yi, kowace rana da zangonta. Ranar farko zagayen gari, ta biyu daga Agadas zuwa Cirozerin, ta uku a dawo. Wanda ya fi kowa sauri in an haɗa kwanakin shi ke sa rigar nan mai ruwan ɗorawa da suke ce wa mayo. Yau yara sittin ke hawa, har daga Arlit da Tawa. Malamin farko ya rasu, na biyun an sauya masa gari. Komite an canza shi sau huɗu. Wanda bai taɓa fashi ba tun ranar farko shi ne Bahago.

Aikin nasa ba mai hoto ba ne. Saura mako guda a yi tsere zai rufe rumfa, ya ɗaure shebur da tsintsiya da bokitin farar ƙasa a bayan tsohon motonsa mai ƙafa biyu, ya kama hanya. Inda rairayi ya hau gudiro, wato kwalta, ya kwashe. Inda rami yake ya zagaye shi da fari don yaro ya hango daga nesa. A kowace ƙorama da ta ratsa hanya yana tsayawa wurin makiyaya da masu garka, wato lambu, ya sha shayinsu, ya tambayi lafiyar bisashe, ya bar musu lambarsa. Shekarar da wani yaro ya zo daga Bilma a bayan motar gishiri da keke ba birki, mutane sun gani da idonsu, Bahago ya kwance na kekensa ya ɗaura masa, ya yi wata guda yana tsayar da nasa da ƙafa.

Tun asali da sanyi ake tseren, a hutun watan sha biyu. Bara sai sabon komite ya maida shi watan takwas, wai babban baƙon da suka gayyato lokacin ne yake da sarari. Watan takwas, tsakiyar damina. Jikar da ta fara ɗaukar tulu a garin nan ta san ruwan da ke kashe mutum ba a kansa yake zuba ba. A kan duwatsun Abzin yake zuba, kai kana nan rana na dukanka, sai ƙorama ta taso da itace da duwatsu ta same ka. Bahago ya je ya faɗa musu. Shugaban komite ya ce, “Malam, mun duba meteyo, masu hasashen yanayi ba su ga ruwa ba. Kai dai ka kula mana da tayoyi.”

Rana ta biyu sama tas, ko gajimare babu a kan hanya. Ilyas ɗina ya tsere wa kowa da minti biyu, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan, bana ya wuce sha takwas. Bahago na can baya sai salularsa ta yi ƙara. Wani mai garka ne daga can wajen duwatsu, ya ce ruwa ya wuce su yanzu, kuma babba ne. Bahago ya matsa kusa da motar komite ya faɗa ta taga. Aka ce masa baƙo na jira a Ciro, a bari yara su wuce. Ya murɗe moto ya wuce yaran duka, ya isa bakin ƙoramar, ya kwantar da moton a tsakiyar gudiro, ya tsaya ya buɗe hannuwa.

Ilyas ne ya fara isowa.

“Baba, kauce!”

“Sauka, ɗana.”

“Baba, busasshiya ce, duba.”

“Na gani. Sauka.”

Ya kama masa kan keke da hannun nan na hagu. Sauran suka iso suka taru, minti biyun Ilyas suka tafi a banza. Shugaba ya fito mota yana ta faransanci, yana nuna rairayi busasshe, yana cewa wane ne ya ba bakanike ikon tsayar da tsere. Bahago bai kalle shi ba, yana ƙidayar kawuna. Hamsin da huɗu. Saura shida a baya.

Ruwan bai zo ba sai bayan kusan minti ashirin. Ya zo ja wur, da kututturen itace a gabansa, ya rufe hanya har ƙirjin mutum. An soke zangon. Washegari da aka koma gari ƙafar Ilyas ta mutu, zuciyarsa ma ta mutu, ya ƙare na huɗu.

Ni ban tsaya jin komai ba. Na yafa mayafi na nufi rumfa, na same shi yana liƙe taya.

“Baba Bahago, minti ashirin. Da ya haye ya sha ruwa ya huta kafin ƙorama ta zo. Shekara uku yaron nan yana tashi kafin kowa. Me ya yi maka?”

Ya ce, “Zauna, uwar Ilyas.”

“Ban zo zama ba.”

“To tsaya. Naki da ya haye, gaskiyarki. Na bayansa ma da sun haye. In na buɗe wa na gaba, wa zai tsayar da na baya? Yaro in ya ga ɗan'uwansa ya wuce ba ya jin kira. Shidan nan da suka rage, ruwan na zuwa suna isowa. Na ƙarshensu ɗan Ramata ne, maƙwabciyarki. Je ki tambaye ta ko tana son mayo.”

Ramata da muke surfe a turmi ɗaya. Ɗan nata shi kaɗai gare ta. Na dawo gida, na yi alwala na yi raka'a biyu, ban iya cin abinci ba ranar.

Amma komite fa? Su da suka ga ruwan da idonsu, har ɗayansu ya ɗauke shi a salula yana nuna wa mutane? Suka zauna suka rubuta takarda wai Bahago ya kunyata su gaban baƙo, kada ya sake zuwa kusa da tsere. Shekara goma sha tara, da takarda ɗaya. Bana suka maida tseren lokacin sanyi shiru-shiru, kamar dabararsu ce. Suka buga ɗan littafi na cikar shekara ashirin. Ilyas ya karanta mini shi daga farko har ƙarshe. Akwai sunan kowane shugaba, akwai hoton baƙo yana miƙa kofi, akwai sunan mai shagon da ya ba da lemo. Na ce ya sake dubawa. Babu Bahago. Ku ji tsoron Allah. Wa ya share muku hanyar da kuke ɗaukar hoto a kanta?

Kai ne, Baba, ka san kowane rami tsakanin nan da Ciro kamar tsakar gidanka. Kai ne ka tsaya gaban yara hamsin da motar manya ba ka da komai sai hannu biyu. Aka zage ka, na zage ka, ba ka rama ba, kuma da Ilyas ya kawo kekensa bayan sati ka gyara masa kamar ba a yi ba. Na hagu mai gyaran na dama.

Akwai abin da komite suka manta. Yaro ba ya hawa sai uwa ko uba sun sa hannu a takardar yarda, mu da ba mu yi lakwal ba mu dangwala yatsa. Da ƙanen Ilyas ya kawo tasa na ninke na sa ƙarƙashin tabarma. Ramata ta yi haka. Muka bi gida-gida, a wurin suna, a wurin niƙa, a bakin famfo, waɗanda ke nesa aka kira su. Magana ɗaya ce: ba Bahago a hanya, ba ɗanmu a hanya. Saura kwana goma a yi tsere takarda tara kawai suka koma hannun komite.

Ranar Talatar nan shugaba ya zo rumfa, ya bar motarsa a bakin titi ya tako. Ina wurin, da gangan na kawo baro a duba mini taya. Na so Bahago ya bar shi a tsaye. Sai ya share masa benci ya zuba masa shayi.

Shugaba ya ce, “Malam Amadou, abin da ya wuce ya wuce. Muna so ka dawo. Sunanka ma za mu ƙara a littafi.”

Bahago ya ce, “Bar littafin, an riga an buga. Abu ɗaya nake so a rubuta. Wanda ke kan hanya in ya ce a tsaya, a tsaya, ko wa ke jira. Ni bana ce ta ƙarshe, idona ya fara ragewa. Wanda zai gaje ni kada ya sha abin da na sha.”

An rubuta, an buga hatimi, Ilyas ya karanta mini. Haƙuri dai har yau ba su ba shi ba, kuma ni ban yafe musu wannan ba, ko da shi ya yafe.

Mun gode, Baba Bahago. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idonka, ya tsare ka yadda ka tsare mana 'ya'ya. Ku kuma samarin da kuka taɓa sa mayo kuna yawo da hotonsa, hanya na neman mutum baɗi. Ranar Asabar bayan asuba zai fita share ta. Na sayi shebur na biyu, Ilyas zai bi shi. Akwai wurin wasu.