Ranar da Na Tare wa Baba Hanya a Dutsen Eggon

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da na tare wa mahaifina hanya a kan dutsen Eggon.

A can sama aka haifi Baba, kafin iyayensa su sauko Lafia. Da tsufa ya fara kama shi sai ya kafe lallai sai ya je ya ga kufan gidansu. Yayyena duk aiki ya riƙe su, ni ce na ɗauki gorar ruwa da maganinsa na hawan jini na bi shi. Farkon damina ne, amma da safen nan gari garau yake.

Mun yi nisa, har motocin kan titi suka zama kamar tururuwa, sai iska ta canza. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Abin da ya rage mana wani falalen dutse ne, gefensa rami mai zurfi. Baba yana haki, ya nuna da sandarsa.

"Ga kufan can bayan bishiyar nan. Mu ƙarasa."

"Baba, ka yi haƙuri, ba za mu hau falalen nan ba. In ruwa ya same mu a kai, santsi zai kwashe mu."

"Ke za ki gaya min dutsen da na yi rarrafe a kansa?"

Ban taɓa yi masa musu ba, har yau kuma ina mamakin inda na samo ƙarfin halin. Na zauna a tsakiyar 'yar hanyar na riƙe sandarsa, na ce sai dai ya tsallake ni. Ya yi faɗa da Hausa, ya koma yarenmu. Duk da haka ban saki sandar ba.

Tsawar farko ce ta sa ya haƙura. Muka juya, ina gaba yana dafe da kafaɗata, inda gangare ya yi yawa mu zauna mu ja jiki. Muna shiga wata bukkar manoma a ƙasa ruwa ya kece. Daga nan muna hango falalen, ruwa na kwararowa a kansa kamar rafi.

Da fushinsa muka koma Lafia. Sai da rani ya shigo ya kira ni ya ce, "Ki shirya gobe. In kin ce mu juya, mun juya." Muka je lafiya, ya zauna a kufan ya daɗe yana share hawaye.

Ranar ce ta koya min cewa a kan dutse dole ka san lokacin juyawa, kuma gara wanda kake ƙauna ya yi fushi da kai, in dai za ku koma gida tare.