Akushin Baba a Gidan Tarihi

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin mahaifina ya ci tuwo a wani abu ba sai a akushi guda ɗaya. Na itace ne, baƙi wuluk, gefensa ya tsage an ɗinke da waya. Mahaifiyarsa ce ta ɗauko shi a ka daga ƙasar Hausa, zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, a yada zango a yi noma, a tashi a ci gaba. Ban same ta da rai ba, sunanta kawai aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata.

Da ciwon suga ya cinye masa ido, akushin ne ya rufa masa asiri wajen cin abinci. Yakan dafa ɗinkin wayar da babban yatsansa na hagu, daga nan ya san inda tuwo yake da inda miya ta kwanta. Ko ɗigo ba ya zubarwa. Baƙon da bai sani ba zai ci abinci da shi ya tashi bai gane ba ya gani ba, kuma Baba yana jin daɗin hakan ƙwarai.

Ni kuwa mutum ce mai son a san da ni, gara in faɗa da bakina. A lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, na samu aikin gwaji a Balad, wato tsohon gari, a wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi. Ina zama a bakin ƙofa in yanka tikiti, in ba baƙi gahawa da dabino, wani lokaci in zagaya da su sama. Ranakun hutu iyalai ke cika wurin, yara na ta guje-guje, sauran ranaku kuma Turawa masu yawon buɗe ido. Abin da ke ciki bai wuce tsoffin wayoyin tarho ba, da dutsen guga na gawayi, da butocin gahawa, da kayan amare na da. Doka ɗaya ce muke maimaitawa daga safe har yamma, ba a taɓawa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana da ɗa a wani gari a tsakiyar Amurka. Wata rana ya turo hoton 'ya'yansa a wani babban gidan tarihi da yake kai su ranar hutu, suna tsaye gaban gilashi, a ciki kuwa akushi ne irin namu sak, an haska shi da fitila. Gwaggo ta ɗauki waya gida-gida tana nunawa, kamar ɗan nata ne ya sassaƙa shi. Abin ya tsaya mini a rai. A gaban matan unguwa na ce namu ya girmi wancan nesa ba kusa ba, kuma kafin wata ya ƙare za su gan shi a gilashi a nan Jidda, ba sai an hau jirgi ba.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "To, Uwata, ni da me zan ci abinci?"

Na ce, "Haba Baba, kwano ya ƙare a Jidda ne?"

Bai yi dariya ba. Na san inda zan kama shi, sai na ce za a rubuta sunan mahaifiyarsa a ƙasan gilashin, duk wanda ya zo daga ko'ina a duniya ya karanta. Washegari da kansa ya wanke akushin, ya shafe shi da man zaitun ciki da waje, ya naɗe a sabon rawaninsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ni kuma na sayo masa farantin roba mai furanni a unguwar Bagdadiyya a hanyar dawowa.

Mudir, wato shugaban gidan, ya juya akushin da yatsu biyu, ya shinshina, ya ce yana da kyau amma gidan na tarihin mutanen Hijaz ne, babu inda zai shiga. Har zai miƙo mini sai idonsa ya kai kan teburina. Ya ce dama muna neman abin da baƙi za su riƙa zuba ƙwallon dabino, wannan ya fi kofin roba kyan gani. Ya yi dariya, ni ma na taya shi, domin saura mako biyu a yanke ko za a riƙe ni a aikin. Da na koma gida na ce wa Baba an sa shi a gilashi shi kaɗai, da fitila a kansa, da sunan kaka da Larabci da Turanci.

An riƙe ni a aikin. Kullum da yamma ni ke juye ƙwallayen da mutane suka tofa, in ɗauraye akushin in kife. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, da na sa shi a jaka ba wanda zai tambaya. Amma in na kai shi gida me zan ce wa matan unguwa, bayan har kuɗin tikiti wasu suka fara tambayata? Sai na riƙa ce musu ana gyaran ɓangaren, su dakata.

Baba kuwa farantin roba ya hana shi sakat. Ba shi da nauyi, da ya taɓa sai ya zame, ba shi da alamar da zai kama. Miya ta riƙa zuba a jallabiyarsa, a tabarma, wani lokaci ya kai loma ya tarar babu komai a hannunsa. Ni ce mai wanki, kuma ban raga masa ba. Na taɓa ce masa ko yaron goye ya fi shi iya cin abinci. Daga ranar ya daina ci a gaban mutane, in an kawo sai ya ce a ajiye, ya ƙoshi. Na ga ya rame, na ce tsufa ne.

Duk da haka a masallaci ba shi da hira sai ta sunan uwarsa da aka rubuta da Turanci. Ya sha roƙona in kai shi, ina ce masa matakala ta yi tsayi, zafi ya yi yawa. Wata Asabar bayan la'asar ina zuba wa wasu Turawa gahawa, na ɗaga kai na ga tasi ta tsaya a bakin lungu. Gwaggo ce ta fito riƙe da hannun Baba, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, har da turare. Na sauke akushin ƙasa da ƙwallayen a ciki, na tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa. Da na ɗago, idon Gwaggo yana kan ƙafata.

"Uwata, mun zo ganin mai sunanki," in ji Baba.

Na kama hannunsa muka hau sama. Matakalar gidajen Balad tsaye take, yana hawa yana hutawa, yana haki, amma fuskarsa cike da murmushi. Gwaggo na biye da mu. Na tsayar da shi a gaban gilashin farko da muka tarar, wanda ke ɗauke da tsoffin wayoyin tarho guda huɗu, na ce, "Ga shi nan, Baba."

Ya lalubi gilashin ya ɗora tafukansa biyu a kai. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, kamar mai neman ƙofa.

"Ki ɗan buɗe in taɓa shi, sau ɗaya."

"Mamnu'u ne, Baba, an hana. Ko ni ba na taɓawa. In mudir ya gani, halas, aikina ya tafi."

"To, to. Kar a ja miki. Karanta mini abin da suka rubuta."

Na dubi takardar da ke bayanin shekarar da tarho ya shigo gari, na karanta masa sunan mahaifiyarsa da na garinsu, na ƙara da cewa ta zo a ƙasa don Allah da Manzonsa. Gwaggo ta iya karatun Larabci sarai, kuma tana tsaye daf da takardar. Baba ya juya wajenta ya ce, "Ke kin gan shi? Suna kula da shi kuwa?"

Gwaggo ta dube ni, ta dubi wayoyin, ta dubi yayanta da ke jingine da gilashi yana jira. Ta ce, "Na gan shi, Yaya. Yana ƙyalli. Ɗinkin wayar nan yana daidai hannunka na hagu."

Ya matsar da babban yatsansa ya danna a wurin. Sai ya fara karanta wa uwarsa Fatiha da addu'o'i, hawaye na bin gemunsa. Wani iyali na Turawa suka shigo ɗakin, suka ga tsoho yana kuka a gaban tarho, matar ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto, yaransu na rufe baki suna ƙyaƙyatawa. Aikina ne in hana ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba. Murmushi na yi musu, na matsa gefe don kar in fito a ciki.

Da ya gama ya share fuska ya ce, "Ku saurara ku biyu. A bar shi a nan. Ko bayan raina kar wanda ya ɗauko shi. Nan ya fi masa daraja da hannun makaho."

Muka sauko. Baba ya zauna a kujerar da ke gefen teburina don ya huta, ƙafarsa ba ta fi taku ɗaya da akushin ba. Gwaggo ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Na yi miki ƙarya saboda shi, ba saboda ke ba. Yalla, ki sunkuya ki ɗauko, ki wanke ki sa masa a hannu. Ki ce mudir ya yi masa alfarma. Ba zai tambayi komai ba."

Hanya ce mai sauƙi ta ba ni, na sani. Amma mudir yana tsaye a tsakar gida da baƙi, kuma na san in Baba ya riƙe akushin nan zai ji danƙon dabino, zai shinshina, zai gane. Na fi tsoron ya gane da ya rasa. Na ce, "Gwaggo, ba kin ji wasiyyarsa ba? Ya ce a bar shi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta ɗaga yayanta.

Na raka su bakin lungu. Kafin ya shiga tasi, Baba ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Kin fitar da ni kunyar uwata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi mini."

Ya ɗan jira. Ba wanda ya amsa.

"Ke, ba ki ce amin ba," ya ce wa ƙanwarsa.

"Ban ji ba, Yaya. Ƙarar motoci."

Sai ya ɗaga murya ya maimaita addu'ar tun daga farko, kalma bayan kalma, hannunsa na kaina. Gwaggo ta kafe ni da ido, bakinta a rufe. Direba yana jira, Baba yana jira, kansa a karkace yana sauraro. Ni na ce amin ɗin.