Itacen Likkafanin Jajja Eseza

Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, aka sanar da mu rasuwarki, kakarmu Jajja Eseza Nabatanzi. Allah ya karɓi abinsa, mu kuma ya bar mu da kunya.

Jami'ar da muke tinƙaho da ita a kan gonar ayabar kakanki aka kafa ta, lokacin tana azuzuwa biyu masu rufin ciyawa da ɗalibai marasa takalmi. Da Turawa suka nemi tudun da gonar take, sharaɗi ɗaya kakan naki ya kafa musu: a bar masa mutuba, ceɗiyar da ake ɓare ɓawonta a bubbuge ya zama likkafanin 'yan gidanku. A ɓawonta aka naɗe shi, aka naɗe mahaifinki. Ke ma burinki ke nan, ba ki taɓa roƙon jami'a wani abu ba.

Duk shekara kina hawowa ki tsaya a ɓare ta, ki ɗaure mata ganyen ayaba har ta warke. Mu ɗalibai mayunwata a gidanki muka ƙoshi da matoke, tuwon ayaba, da miyar gyaɗa. Wanda ya fi kowa loma shi ne Ssebuliba. Kina zuba masa ƙari kina cewa, "Ci, ɗan nan, wuyanka kamar na zalɓe. In ka zama babba ka tsare min itacena."

"Jajja, sai dai a sare ni tukuna," in ji shi.

Ssebuliba ya zama shugaban jami'a. Bara, da za a yi bikin tunawa da kafuwarta, shi ya sa hannu aka sare itacen don manyan baƙi su sami wurin ajiye motoci. A jawabinsa ya yabi Turawa ɗaya bayan ɗaya, bai ambaci kakanki ba. Na ji haushi a ranar, har yau kuma bai sauka ba. Ke ko, da kika ga kututturen, cewa kawai kika yi, "To, a me za a kai ni?"

Allah ya ji ƙanki, ya yalwata makwancinki, ya ba 'yarki Nakimuli da jikoki haƙuri. Ranar jana'iza shugaban jami'a ya aiko da furanni. Likkafaninki kuwa, Jajja, a kasuwa muka sayo shi.