Littafin da Kowa Ya Mutu

A shagon tsofaffin littattafai na tasha, wata dattijuwa tana tsaye kusa da ni, tabaraunta ɗaure da zare, tabon ƙuna ya cinye rabin hannunta. Kowane littafi ta ɗauka, shafin ƙarshe take fara dubawa. Ina riƙe da labarin mutum ɗaya da ya tsira bayan annoba ta share duniya, sai ta fizge shi.

"Ajiye wannan, 'yata, mugunta ce. Ɗauki na dodannin wuta. Ƙarshensa da daɗi, kowa ya mutu."

"Kowa, Mama? Ina daɗin?"

"Ba a bar wani yana wanke kwano ɗaya ba."

Kwano nawa take wankewa a da?