Idon 'Yata a Cikin Takaba

A shekarun da muka bar gonakin bakin daji saboda 'yan bindiga, mijin 'yata ya rasu a Wagini, na je na taya ta zaman takaba. Ciwon nan mai karya garkuwar jiki ne ajalinsa, ita ma ya bar mata. Ni dai ban taɓa sunkuyar da kai a kan wannan ba. 'Yata ce.

Wata safiya muna tsintar wake, sai na ga tana kai hannu faifai tana ɗauko babu. Can kuma ta kori ƙuda, alhali ba ƙuda.

Na ce, "Ke, me kike tsinta?"

Ta ce, "Inna, ƙwari ne baƙaƙe. Ko na ɗaga kai bina suke."

Uwar mijin ta ce kuka ne da rashin kwalli, in ta fita takaba zai wuce. Wallahi saura kaɗan in yarda. Sai na jawo kwalbar maganinta daga ƙarƙashin gado, na girgiza. Shiru. Ashe ta kai wata uku da ƙarewa. An ce mata mai takaba ba ta taka ƙofar gida, kunya kuma ta hana ta aiken wani.

Na yafa gyale, sai wurin liman. Ya ce lalura ce, mu je asibiti, ta dawo ta kwana ɗakinta.

Uwar mijin ta tare zaure. "Haba Yaya, me mutane za su ce?"

Na ce, "In ta makance, mutanen ne za su ja mata sanda? Matsa mini."

Babur ɗaya muka hau, na sa ta a tsakiya. Daga asibitin Batsari aka tura mu Katsina. Likita ya haska mata fitila a ido ya daɗe, sannan ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu kuwa za a yi ƙoƙari, muddin ba ta ƙara tsallake magani ba.

Na ce, "Ɗan nan, kai yi naka. Wannan nawa ne."

Kullum bayan sallar asuba ni ke sa mata ƙwayar a tafin hannu, ba na gusawa sai ta haɗiye. Kwana ɗaya ban yarda ya wuce ba.

Ranar fitar takaba da kanta ta zizara kwalli, har a idon da ya mutu. Da muka zauna tsintar waken sadaka, ta karkata kai, ta ciro tsakuwa daga faifaina.

"Inna, kin bar wannan."

Tsakuwar gaske ce.